Baƙi a Kangon Ilu

Ilu bai taɓa zama a aji ba, amma duk yankin nan na Maryland a Amurka babu dillalin kangaye kamarsa. Shekarar da bankuna suka yi ta ƙwace gidaje, masu digiri suka zube, shi yana tsaye. Ba sayen gida yake yi ba. Ruɓaɓɓe yake samowa, ya ba mai shi kafin alƙalami, a yanka wa'adi, ya nemo mai saye ya ci la'ada. In wa'adi ya wuce, kafin alƙalami ya tafi.

Wannan karon tasinsa ya sayar ya kama wani kango a garin Clinton. Aka ba shi makulli don nuna wa masu saye.

Ran Juma'a a masallaci ya ji labarin Fatihu, wanda banki ya kora daga gidansa, yana kwana a mota da matarsa Haula, ga sanyi ya shigo. Ilu ya danƙa masa makullin.

"Gida ba kowa, ɗan'uwa a titi? Ba ina raye ba."

Da mai saye, Dakta Abdulhamid, ya zo dubawa, rufin da ke yoyo bai dame shi ba. Labulen Haula ya tsaya kallo.

"Baba Ilu, mutane ka zuba a ciki?"

"Baƙi ne, likita. Magana ɗaya zan yi su tashi."

"Nan ba Kano ba ce. Wanda ya shimfiɗa katifa, sai kotu, ni kuwa ba na sayen shari'a. In sun fita kafin wa'adi, kira ni."

Ana gobe wa'adi Ilu ya koma da maganar a bakinsa. Haula, da tsohon cikinta, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi. Fatihu ya toshe tagogi da kwali.

"Baba, ka ga aikina? Ta ce in namiji ne, sunanka zai ci."

"Za ku ɓata yaro da surutu," in ji Ilu.

Ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya wanke hannu, ya ci, ya ƙara.

"Baba, kamar da magana?" Fatihu ya tambaya.

Ilu ya dubi katifar, ya dubi cikin Haula.

"Ku matsar da shimfiɗar nan. Daidai nan ruwa ke zuba."

Ya fito ya taka zuwa wurin tsayawar bas. Waya ta yi ta ƙara a aljihunsa, likita ne. Mutumin da bai taɓa rasa ta cewa a ciniki ba ya bar ta har ta gaji.