Ishaku Bai Je Akwanga Ba

Ciwon bayan Ishaku ya samo asali ne tun yana ɗaukar dilolin yadi a wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna. Masaƙar ta daɗe da rufewa, amma ciwon ya biyo shi gida Narayi ya zauna. Daga ƙugu yake tasowa, ya gangara ta cinyar hagu har diddige. Ya sha ƙwayoyi har cikinsa ya fara ƙuna, an kai shi wurin mai ɗori, an yi masa addu'a a coci. Daga baya ya daina fita. Yakan wuni a kan katifa a falo, matarsa Hauwa tana suyar ƙosai a ƙofar gida tana leƙo shi.

Ɗansu Victor, mai gyaran waya a unguwar Television, shi ya matsa aka kai shi sashen gashin ƙashi a asibiti. Matar da ta duba shi ba ta ɓoye masa ba, ta ce ciwon ba zai rabu da shi gaba ɗaya ba, amma yawan kwanciya yana ƙara kashe masa jiki. Ta koya masa abubuwa kaɗan: ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa zuwa ƙirji a hankali, ya zauna a kujera ya miƙe, ya dafa bango ya taka zuwa tsakar gida.

"Baba, kada ka jira sai ciwo ya tsayar da kai," in ji ta. "Ka tsaya tun kana da sauran ƙarfi."

Abin ya ba shi kunya. Mutumin da ya saba ɗaga dila shi kaɗai, yau ana yaba masa don ya tashi daga kujera. Sai Hauwa ta rufe ƙofa yake yi, don kada 'yan haya su gani. Amma yana yi, kowace safiya bayan addu'a. Ciwon yana nan, sai dai kafin a yi girbi ya kai ga yana fita har bakin get, ya zauna a benci kusa da kaskon ƙosai yana amsa gaisuwa.

Ana haka aka bugo waya daga ƙauyensu, kusa da Akwanga, cewa wansa Nicholas yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana ta kiran sunansa. Nicholas ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ne kuma ya kawo shi Kaduna. Ishaku ya ce zai je. Hauwa ta tuna masa cewa ko zuwa Barnawa nan kusa a keke mai ƙafa uku bai iya zama ba sai ya yi ta cije leɓe, balle hanyar Kachia da ramukanta. Ya ce to zai shirya jikinsa.

Abin da yake yi da safe kawai, sai ya koma yi safe da rana da yamma. Ya daina dafa bango. Idan ƙafar ta fara masa kamar ana tsira allura, sai ya haɗiye ya ci gaba. Hauwa ta yi magana, Victor ya yi magana.

"Maman Victor, Yaya ba zai jira ni ba," shi ne abin da ya ce mata.

Wata Laraba ya ɗauki sanda ya ce zai taka har bakin titi ya dawo. Ya kai titin. A hanyar dawowa, wajen tsallaka wata kwata, sai bayansa ya riƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Maza biyu ne suka ciccibo shi zuwa gida, yana gumi, bai iya ko yi musu godiya ba. Ya koma katifa, juyawa ma sai an juya shi.

Bai tashi ba har Nicholas ya rasu. Hauwa da Victor suka tafi jana'iza, aka bar shi a hannun wata maƙwabciya da ke kawo masa abinci. Ranar da aka sa gawar a ƙasa, Victor ya kira shi ya ɗaga wayar sama don ya ji waƙar da ake yi a bakin kabari. Layin yana yankewa. Ishaku ya ɗora wayar a ƙirji yana saurare, hawaye suna gangara masa cikin kunne.

Da suka dawo, ya ce ya gama da motsa jiki, a bar shi ya kwanta har Allah ya yi ikonsa. Hauwa ba ta yi masa gardama ba. Ita ma gwiwoyinta sun kumbura saboda zaman mota. Ta ci gaba da dafa masa ruwan zafi tana gasa masa bayan.

Sai da aka daɗe, ranar da ya ga ba zai iya kai kansa bayi ba sai matarsa ta tallabe shi tana nishi, sannan ya yarda aka mayar da shi asibiti. Matar da ta duba shi tun farko ba ta yi masa faɗa ba. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce za su faro daga ƙasa: motsa yatsun ƙafa, matse ciki a sake, jan numfashi a hankali.

Yanzu an shiga wata daminar. Ishaku yana iya kaiwa tsakar gida idan ya dafa bango, wata rana kuma ko zama ba ya iyawa. Bakin get har yau bai sake kaiwa ba. An ce masa an yi wa kabarin Nicholas siminti, Victor ya nuna masa hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko an rubuta sunan daidai.