Kujerun Aro

Matar da ke ofishin tallafin ɗalibai ba ta ko ɗago kai ba lokacin da ta ce mini an dakatar da tallafina. Ta lashi yatsa, ta buɗe fayil, ta soma karanto mini dukiyar gidanmu.

"Kujerun kushin saiti ɗaya. Firiji babba. Talabijin ta bango. Kafet sabo. Fanka ta tsaye guda biyu." Sai a nan ta kalle ni ta saman tabarau. "'Yata, tallafin nan na masu buƙata ne. Ku kam Allah ya rufa muku asiri."

Na tsaya ina kallonta. Shekarata ashirin a duniya, ban taɓa shan ruwan firijinmu ba, don ba mu da shi. Amma duk kayan da ta lissafa na san su, har na san ɗakin da kowanne yake kwana. Kujerun da kafet da fankokin na Maman 'Yan Biyu ne, maƙwabciyarmu ta hannun dama. Talabijin ta Mai Walda ce. Firiji na mai shagon bakin layi ne. Tun kafin ta rufe fayil ɗin na gane aikin Umma ne.

Tallafin gwamnati da ya kai ni kwaleji sharaɗi biyu gare shi. Na farko, kada makinka ya sauka ƙasa da abin da suka yanka. Na biyu, duk shekara a tabbatar gidanku yana nan cikin rashinsa. Sharaɗin farko na riƙe shi da haƙora. Shekara biyu ina karatun gwaje-gwajen asibiti, ina leƙen madubin ƙwayoyin cuta har idona ya riƙa ganin ɗigo-ɗigo a bango, ban taɓa faɗuwa ko darasi ɗaya ba. Na biyun kuwa ban taɓa sa shi a raina ba. Wa zai yi tsammanin talauci ma sai an yi tsaronsa? A da, a takarda ake tabbatar da shi, bana suka ce jami'i zai zo gida ya gani da idonsa. Ya zo ranar da nake rubuta jarrabawa.

"Malama, kayan nan duk na aro ne," na ce.

"Kowa haka yake faɗa." Ta miƙo mini wani fom. "Kina da mako biyu ki nemi a sake dubawa. Masu kayan su rubuto shaida, su sa hannu. Mai gidan kuma ta sa hannu ta yarda a sake zuwa. In an rufe rajista ba ki biya ba, kin rasa zangon. In kin rasa zango, sunanki ya fita daga tsarin gaba ɗaya, sai dai ki koma layin sababbi."

Na sami Umma a inda nake samunta kullum, a tsaye gaban teburin guga, tana hura gawayin dutsen guga. Wanki da guga take yi wa mutane tun rasuwar Baba. Mace ce da ba ta iya ganin yamutsi ta wuce. Ko tsumman goge tukunya sai ta ninke shi gida huɗu.

"Likita, yau da wuri?" Haka take kirana, haka duk layin suke kirana, na gaji da gaya musu ba likita nake karanta ba.

"Umma, me kika yi ranar da mutumin gwamnati ya zo?"

Fuskarta ta yi haske. "Ai da kin gani. Ɗakin nan sai da ya koma kamar na amarya. Mutum huɗu suka ɗauko firijin. Ya sha ruwa mai sanyi kofi biyu, ya ce gidan ya yi kyau."

"Sun cire ni daga tallafi."

Ta ajiye dutsen a kan tubalinsa a hankali. Na bayyana mata, na sake bayyana mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To baƙo ne fa. Baƙon ma daga gwamnati. So kike in zaunar da shi a kan bokiti?"

"Bokitin ya zo gani, Umma."

"Wane irin aiki ne wannan, mutum ya taso musamman don ya ga tsiraicin mutane?"

Na ɗauki fom na fita neman sa hannu.

Maman 'Yan Biyu ta sa nata tana dariya har da hawaye, ta ce in na zama likita ita za a fara yi wa allura kyauta. Mai shago ya karanta takardar sau uku, ya sa hannu a kan buhun sukari. Mai Walda ne ya wahalar da ni. Da ya ji kalmar gwamnati sai ya kashe injinsa, ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa.

"Wato in rubuta da hannuna cewa ina da talabijin ta bango? Gobe su turo mini masu haraji?"

"Kawu, ofishinsu daban."

"Likita, duk uwa ɗaya ta haife su."

Kwana huɗu ina zuwa masa. Ina tashi daga aji in wuce rumfarsa, in zauna a kan wata tsohuwar taya in buɗe littafina, tartsatsi na tashi ta gefena. A rana ta huɗu ya ce na hana shi sakat, kwastomominsa sun fara tambaya ko bashi nake bin sa. Ya goge hannu a wando, ya sa hannu, ya bar mini tabon baƙin mai a gefen takardar.

Saura sa hannu ɗaya, kuma shi ne na cikin gida. Umma ta ce ba za ta sa ba. Ta ce za ta ƙara karɓar wankin gidaje uku, za ta sayar da 'yan kunnenta. Ni da ita mun san ko wankin layin gaba ɗaya ta karɓa ba zai kai ba kafin a rufe rajista. A haka har kwana tara cikin mako biyun suka wuce. Takardar na kan taga, na danne ta da kofi, kullum da safe Umma ta share ƙurar gefenta ta bar ta a nan.

A rana ta goma haƙurina ya ƙare. Ina da baki, na gaje shi daga wajenta.

"Umma, kin fi son a ce gidanki ya yi kyau da a ce 'yarki ta gama karatu."

Ta gama hannun rigar da take gogewa, ta juya ta, ta gama ɗayan. Na yi nadamar maganar tun ba ta gama fita ba, amma ban janye ta ba.

"Ranar da babanki ya rasu," ta ce, "mutane sun cika ɗakin nan. Ina kuka, amma ina ganinsu. Wannan ta kalli rufi, waccan ta kalli katifa, su kalli juna. Wata har ta ɗaga murfin tukunya. Tun ranar na ce ba wanda zai sake yi mini wannan kallon." Ta rataye rigar. "Ke yarinya ce, ba ki san kallon ba."

"Na san shi. Duk shekara a ofishin tallafi ake yi mini shi. Nakan tsaya a yi, in karɓi takardata in tafi aji."

Ta juyo ta dube ni sosai, kamar ba ta taɓa ganina ba. Ashe ba ta taɓa tunanin yadda ake karɓo tallafin ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba. Washegari da na tashi, na tarar da sa hannunta a ƙasan fom, da manyan haruffa masu karkata, ta mayar da kofin a kai.

Na kai fom ofis, aka sa ranar Laraba da hantsi za a sake zuwa. Na nemi izini daga aji, don wannan karon ba zan bar gidan ba ko da kujerar minista za a ba ni. Muna zaune muka ji hayaniya a ƙofa. Maman 'Yan Biyu ce, da 'yan biyun nata riƙe da kujera, ita kuma ta naɗo kafet a ka.

"Na san an ce ban da aro," ta ce, "amma ko ɗaya ce a ajiye masa. Ai ba a barin mutum a tsaye."

Na buɗe baki, Umma ta riga ni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci. Ku mayar."

"Ko kafet ɗin?"

"Ko kafet ɗin."

Jami'in da ya zo shi ne dai na farko, dogo, da jaka a hammata. Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya turus, ya leƙa waje ya duba lambar gidan. Umma ta kife bokiti, ta shimfiɗa masa wani farin ƙyalle da ta goge har yana da kaifi, ta ce bismillah. Ta kawo masa ruwa a kofi, ruwan da ba sanyi. Ruwan ya ɗan zube mata a siminti.

"Mama, ina kayan?"

"Sun koma gidajensu."

Ya buɗe littafinsa, ya ce dole ya rubuta abin da ke nan. Na yi niyyar in amsa masa don in sauƙaƙa mata, ta ɗaga mini hannu. Da kanta ta zagaya da shi. Ta nuna masa katifar da muke kwana a kai mu biyu. Ta nuna masa bahon da muke tara ruwan yoyo, ta nuna masa wajen da rufin ya ɓule. Ta ɗaga labulen da ke rufe tsagewar bango. Har murfin tukunya ta ɗaga masa, ba tare da ya nema ba. Ni kuwa na tsaya jikin ƙofa ina jin kunya da alfahari a lokaci ɗaya.

"Sai kayan sana'a," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Tebur ɗaya. Dutsen guga biyu, ɗaya murfinsa ya karye. Tufafin nan duk na mutane ne, kada ka rubuta."

"Shi ke nan, Mama?"

Ta waiwayo ta kamo hannuna, ta jawo ni gabansa. Tafin hannunta duk ya yi kanta saboda aiki, yana da ɗumin dutse.

"Sai wannan. Ita kam tawa ce, ba aro ba ce. Rubuta."

Ya dubi littafinsa. Sannan ya rubuta wani abu, ya shanye ruwansa tas, ya yi godiya.

Saura kwana biyu a rufe rajista sunana ya fito a allon ofis cikin waɗanda aka mayar wa tallafi. Matar nan mai tabarau ta miƙo mini takardar, ta ce baɗi ma za a sake zuwa gida, kuma makina kada ya sauka. Na ce mata na ji. Na damƙe takardar a hannu tun daga kwaleji har gida, zufa ta jiƙa ta, ta yamutse.

Umma ta karɓa, ta sa na karanta mata sau biyu. Da na gaya mata maganar baɗi, ta ce ya zo, bokiti na nan. Sannan ta dubi takardar ta girgiza kai, ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗora mata ƙyalle, ta jawo dutse.