Waken Sailuba da Butar Iya

Ƙasar tukunyar da danshi. Sailuba ta zare ɗan yatsanta ta dube shi, ta cusa a tukunyar da ke kusa. Nan ma danshi. Yau kuwa kwana goma sha biyu da ta yanke wa waken nan ruwa, a tsakiyar bazarar da ko randa ba ta riƙe sanyi.

Tukwane arba'in ne jere a bayan ɗakin kakarta, a gidansu na Limancin Kona. Bayan farin bara, wanda ya bar rumbuna wayam, ta bi ƙauyuka tana roƙon tsofaffin irin wake. A cibiyar binciken noma da take aiki babu sauran wuri a ɗakin gilashin da ake renon tsirrai, sai ta kwaso su gida. Aikin ba shi da wuyar faɗa: a hana su ruwa kwana ashirin, a ga wanda zai jure, sannan a auna wani sinadari da ganye ke tarawa idan ƙishi ya kama shi. Saura mako biyu kwamiti ya zaɓi irin da za a gwada a gona da damina. Idan ta je hannu rabbana, wahalarta ta tashi a banza.

Neman mai laifi bai ba ta wuya ba, don ga butar kakar tata nan a gindin katanga.

"Iya, a ina kike alwala kwanakin nan?"

Tsohuwar tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Inda ruwan zai yi amfani."

"Na ce fa kada a ba su ko ɗigo!"

"Kin ce. Ni kuwa ba zan ga abu mai rai yana sunkuyar da kai a bayan ɗakina, in zubar da ruwan alwala a rariya ba. Ke 'yar boko, har da azabtar da wake a karatun naku?"

Ran Sailuba ya ɓaci ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Amma wa ya isa ya yi wa Iya faɗa? Ko mahaifinta, da furfurarsa, sai ya rage murya a gabanta. Ta haɗiye fushin, ta buɗe littafinta. Tunda ɓarna ta auku, gara ta san iyakarta.

"To, duka kika shayar?"

"Duka? Buta ɗaya ce fa. Wanda ya yi laushi nake ba. Wanda bai roƙa ba, me zan ba shi?"

Sailuba ta tsayar da biro. "Akwai wanda bai roƙa ba?"

Iya ta dogara sandarta ta miƙe, ta bi layin tana ƙwanƙwasa tukwane. Wannan raggo ne, tun kwana na uku ya langaɓe. Wancan ya kai mako. Sai ta nuna huɗu a warwatse cikin jerin. "Waɗannan kam girman kai gare su. Ban taɓa ba su ba."

Sailuba ta durƙusa. Ƙasarsu ta bushe ƙayau har ta tsage, ganyen kuwa kore shar. Ta duba lambobin da ke jikin tukwanen, ta sake dubawa. Dukkansu iri ɗaya ne, wani ɗan jan wake da wata tsohuwa ta kwance mata daga bakin zane a wajen garin Giwa.

"Iya, saura kwana takwas. Huɗun nan, ko sun kwanta ƙasa, don Allah kada ki taɓa su."

"In suka mutu fa?"

"In suka mutu, na sani ke nan. In suka rayu, wata rana fari zai zo, wani ya samu abin ba 'ya'yansa."

Iya ta daɗe tana kallon tukwanen.

"To, ki kafa zana tsakanina da su," ta ce a hankali. "Idona ba zai iya ba."