Kunnuwan Yaya Mansik

Pyo Mansik ya yi shekara talatin da huɗu yana walda a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Geoje, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya bai wuce kunnuwansa ba. Sa'o'insa da yawa sun bar aiki sai an ɗaga murya kafin su ji, shi kuwa yana kwance a ɗaki zai gaya maka miyar da ke kan wuta ta kusa ƙonewa. Da ya yi ritaya bai bi sahun tsofaffin unguwa zuwa hawan dutse ko kamun kifi ba. 'Yarsa ta bar masa na'urar wasan bidiyonta ranar da ta koma Seoul, ya ɗauka kamar wasa, kafin a ankara abin ya shiga jininsa.

Kowace Lahadi da ƙarfe biyu na rana yakan baje a gaban talabijin, ya ɗora hedifon a ka, ya haɗu da tsofaffin abokan aikinsa biyu ta intanet. Gil Yongbae yana Daegu wajen ɗansa, Eom Changho kuma ya koma garinsu, Mokpo. Wasan harbi suke yi, mutum uku-uku, a cikin kangon wata masana'anta, inda duk wanda ya riga jin takun abokin gaba shi ke da nasara. Mansik ne babba, shi suke kira Yaya, shi ne kuma kunnen tawagar. In ya ce hagu, kowa hagu yake juyawa. Ban da wasan nan, ba abin da ke haɗa su ukun sai jana'iza ko bikin 'ya'ya.

Sai abu ya lalace. Wata huɗu ke nan Mansik zai ji taku ɓaro-ɓaro ta dama, ya ce dama, ya juya, sai harsashi ya same shi ta hagu. Changho, wanda kullum yake manne da bayansa, ya bi shi su zube tare, a bar Yongbae shi kaɗai yana gudun ceton rai. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Amma ina, ƙarami ba ya duban babba ya ce masa ya yi kuskure, ko da shekara biyu ce tsakaninsu. Yongbae ya ɗora laifin a kan intanet. Changho ya ce yaran yanzu maguɗi suke yi. Har ranar da Yongbae ya yi gyaran murya ya ce, “Yaya, ko za ka ɗan tsaya bayan akwatin can ka tsare mana baya? Wuri ne mai muhimmanci.”

Bayan akwatin nan ba komai sai bango. Mansik ya san muryar sarai, da irinta ake lallaɓa tsohon ma'aikaci a mayar da shi tsaron sito. Ranar ya sha jinin jikinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa ƙarar gudumar shekara talatin da huɗu ce ta biyo shi har gida. Ya ƙudurta a ransa zai sayi sabon hedifon, in bai yi magani ba, Lahadi mai zuwa zai ƙirƙiro ciwon baya ya sallame su. Ba zai zauna ana yi masa kara kamar mara lafiya ba.

Matarsa, Ham Sunrye, bai gaya mata komai a kan tsoron ba. Ita tun da aka yi mata aiki a gwiwa ta daina fita da ƙawayenta ranar Lahadi, sai ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta miƙe ƙafa, tana ɓare tanjirin tana tura masa a baki tunda hannayensa biyu a cike suke. Da ya ce mata hedifon ɗin ya tsufa, ko kallonsa ba ta yi ba.

“Tsoho, kai dai ka ce sabon abin wasa kake so. In ka je Busan ka taho mini da busasshen kifi.”

Da safiyar Litinin ya hau bas, tsohon hedifon ɗin a jaka. A kasuwar kayan lantarki ya wuce shagunan da samari ke ta kiran mutane, ya tsaya a wani ɗan lungu inda wata mace mai kimanin shekara arba'in da biyar take zaune, tabarau a saman kai, tana cin gasasshen dankali. Sunanta Yeo Mirim, kuma daga gani ba ta da lokacin kowa. Mansik ya gyara tsayuwa ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne.

Ta tambaye shi wanda ya fi kowanne a me. Ta tambayi irin na'urarsa, da irin wasan da yake yi, da ko akwai hayaniya a gidan, da awa nawa yake yi a zaune. Da ta ji wasan harbi ne, ta goge hannu ta miƙe. Ta zata jika ya zo saya wa, yanzu kuwa ta ga abokin hira.

Na farko da ta ɗora masa nauyinsa ya kusa kai hular walda, ya ce a cire kafin wuyansa ya karye. Na biyu yana da fitilu ja da kore, kuma ko ƙofa aka rufe a wasan sai ƙirjinsa ya amsa. Wannan ya burge shi, har ya fara gyaɗa kai. Mirim ta fizge shi ta ce wannan na yara ne masu son rugugi, rugugin nan shi ke binne takun mutum, ga kuma fitilu da mai sanye da su ba ya gani. Ta bayyana masa cewa akwai masu rufaffen baya, da ke toshe duk wani motsi na ɗaki, akwai kuma masu buɗaɗɗen baya, waɗanda sauti ke bazuwa a cikinsu har mutum ya san nesa da kusa. Ta ɗauko wani baƙi mara ado, mara nauyi, ta ɗora masa da hannunta, ta soka wayarsa a abin riƙewa na na'urar shagon.

“Rufe ido, Baba. Duk inda ka ji taku, nuna min da yatsa.”

Gwajin kunnen da ya ƙi zuwa asibiti a yi masa, ga shi ya tarar a shagon mai dankali. Ya rufe ido. Taku ya zo, ya nuna hagu. Wani ya zo, ya nuna dama can nesa. Na uku ya yi jim, sannan ya ɗaga yatsa sama ta bayan kafaɗa, ya ce wannan a kan matakalar ƙarfe yake, kuma ba gudu yake ba, sanɗa yake. Sau goma sha biyu tana gwada shi bai kuskure ko ɗaya ba.

Da ya buɗe ido ta ce masa kunnuwan nan sun fi na mijinta, wanda sai ta kira shi sau uku. Daɗi ya rufe Mansik har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce a naɗe masa wannan ɗin, ya zaro tsohon daga jaka ya ce ita kuma ta jefa wannan maƙaryacin a shara.

Wata da ta karɓa ta yi shiru, amma Mirim mace ce mai son sanin dalili. Ta sa tsohon a kanta, ta saurara, ta jujjuya wayar, ta sake saurara. Ta ce lafiyarsa ƙalau, hagu na hagu, dama na dama. Sai ta miƙa masa ta ce ya sa yadda ya saba sa shi a gida.

Ya karɓa ya ɗora, ya jawo sandar makirufo ta gefen dama zuwa bakinsa, ya dube ta yana jiran bayani. Ta yi ta kallonsa. Sannan ta juya baya, kafaɗunta suka fara rawa, don ba ta so ta yi wa sa'an ubanta dariya a fuska.

“Baba, tun yaushe makirufon nan ya koma dama?”

Nan take ya tuna. Tun aikin gwiwa ne. Sunrye a hagunsa take zama, sandar makirufon kuma a hagu take, tanjirin ya yi ta karo da ita. Shi ne wata rana ya cire hedifon ɗin ya juya shi, hanya ta buɗe, kowa ya huta. Bai taɓa kawo komai a ransa ba. Shekara talatin da huɗu yana sa abin toshe kunne na ma'aikata, kofi biyu da sanda a tsakiya, kuma wannan ba shi da hagu ba shi da dama, yadda ka ɗauko shi haka za ka kifa. Wa zai ce masa wannan daban ne, alhali kamarsu ɗaya?

Mirim ta nuna masa 'yar alamar da ke cikin kowane kofi, tana share hawaye da bayan hannu. Ta ce gaskiya ba ya bukatar sayen komai, ya koma gida ya mayar da matarsa dama. Mansik ya ce ai ya fi sauƙi a juya jirgin dakon mai a cikin kwata da a tashi Sunrye daga inda ta saba zama, kuma ma gwiwar ta can gefen take miƙe ta. A ƙarshe dai baƙin nan ya ɗauka, saboda sandarsa tana ɗagawa sama ta ba da hanya, in ta ɗaga kuma makirufon ya mutu. Mirim ta ce wannan taimako ne ga abokansa, da suka yi wata huɗu suna sauraron taunar tanjirin. Ya roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninsu. Ta ce wa za ta gaya wa, in ba mutanen Busan ba?

Busasshen kifin ma ya manta da shi, sai da ya sauka daga bas ya koma. Da ya ba Sunrye labari ta yi dariya har ta riƙe gwiwa, sannan ta ce ita dai ba inda za ta matsa.

Ranar Lahadi, tun a zagayen farko Yongbae ya fara lallaɓa shi da zancen akwati. Mansik ya yi kamar bai ji ba, ya shige gaba. Ya ce biyu ta dama bayan tanki, aka same su a dama. Ya ce ɗaya a sama yana sanɗa, aka sauko da shi. Zagaye uku a jere suka ci, abin da rabonsu da shi tun kafin sanyi. Yongbae ya yi ta koɗa sabon hedifon, yana tambayar sunan shagon, yana cewa dama shi ya san ba daga Yaya ba ne, kaya ne suka tsufa.

Ga ƙofa a buɗe, da ya yi shiru da shi ke nan, girmansa na nan daram. Amma abin ya tsaya masa a wuya. Mutanen nan wata huɗu suna mutuwa ba su ce uffan ba. Kafin a fara zagaye na huɗu ya gaya musu komai, da tanjirin ɗin, da juyawar, da matar da ta juya baya tana dariya.

Can sai Yongbae ya fashe, yana dariya yana ba da haƙuri, yana sake fashewa, har aka ji jikarsa tana tambayar ko lafiya. Mansik ya bar shi ya yi mai isarsa, ya san ya cancanta. Changho ne bai ce komai ba, har Mansik ya tambaya ko yana nan.

“Ina nan, Yaya. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni kunnena na hagu ya mutu tun kafin mu bar aiki. Ko matata ba ta sani ba. Takun nan da kuke ta magana, ni ban taɓa sanin ta ina yake zuwa ba. Bakinka nake bi.”

Dariyar Yongbae ta tsaya cak.

“To da ka ga ina kai ka ga halaka,” in ji Mansik, “me ya hana ka rabu da bayana?”

“In na rabu za ka gane, in ka gane za ka daina zuwa. In ka daina zuwa kuma ni wa zan bi?”

Mansik ya ji tausayi da kunya da daɗi duk a haɗe. Shi yana can yana shirya ƙaryar ciwon baya, ashe wani da kunnensa yake tafiya. Zagayen ya riga ya fara, ga su uku a bakin ƙofar kangon. Ya yi gyaran murya, ya karkata kai ya saurara.

“Matso kusa, Changho. Akwai biyu suna hawowa ta matakala. Hagunka.”

Changho ya juya hagu.