Farin Fure a Jikin Jar Fulawa

Fulawar da ke bakin tagar ofishin Hedimasta shekararta tara tana yin jan fure. Shi ya dasa ta da hannunsa, kuma duk baƙon da ya zo makarantar sai an nuna masa ita kafin a ba shi kujera. Ranar wata Litinin aka wayi gari wani reshe guda ya fitar da furanni uku farare fat.

Hedimasta ya tsaya a kansu, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya sa aka kira Inna mai shara.

"Inna, ina kike zubar da ruwan goge ƙasa?"

"A kwata, ranka ya daɗe."

"Kullum?"

Inna ta gyara ɗaurin zaninta. "Wata rana dai bokitin yakan yi nauyi."

"Ruwa mai bilic! Ga shi nan kin koɗar mini da fure. Na gargaɗe ki sau biyu." Ya shiga ofis ya rubuta takardar sallama. Inna ta yi tsaye riƙe da tsintsiya. Da wannan aikin take riƙe jikokinta biyu.

Malamar kimiyya ta zo karɓar alli ta tarar da maganar. Ta duba reshen, ta juya ganyen, ta ga lafiyarsu ƙalau.

"Ranka ya daɗe, da bilic ne, da ganyen sun ƙone, kuma ba reshe ɗaya zai zaɓa ba. Ka ba ni minti biyu."

"Malama, ba aji muke ba."

"Shi ya sa ban ce awa ɗaya ba." Ta taɓa reshen. "Itacen nan ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗa shi. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dogon rubutu, shi ake kira DNA. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun gaba ɗaya ta ba sabuwar. A ciki akwai layin da ke koya mata haɗa wani furotin, shi kuma furotin ɗin shi ke dafa jan launi. To wata rana, a gindin reshen nan, wata ƙwaya ta yi kuskuren harafi wajen kwafa. Furotin ya fito a karkace, ya kasa aikinsa. Duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta suka kwashi kuskuren."

"Kamar 'yan aji uku kenan," in ji Baba mai lambu, wanda ya matso da almakashinsa. "Ɗaya ya kwafi shirme, layi duka su ci sifili."

"Labari mai daɗi," Hedimasta ya ce. "Ina shaida?"

Malama ta karɓi almakashin, ta yanko ɗan tsinke daga farin reshen. Baba ya kawo tukunya da sabuwar ƙasa.

"A dasa wannan. Idan bilic ne, a ƙasa mai tsabta zai koma ja. Idan rubutun ne ya sauya, fari zai yi. Amma kada Inna ta kusance shi. Ni ma kada in taɓa."

"Ni zan ba shi ruwa da kaina," in ji Hedimasta. Ya jefa takardar sallamar a durowa. "Zuwa ƙarshen zango."

Wata uku tukunyar tana kan tagarsa ta ciki. Ruwan gorarsa yake ba ta. Idan zai fita sai ya kulle ofis, ya dawo ya sake murɗa hannun ƙofar. Inna kuwa ta koma kai bokiti har kwata, tana tafe tana hutawa. Duk safiya sai ta leƙa ta gilashi.

"Baba, ya ɗanmu?" takan tambayi mai lambu.

"Ya yi ganye huɗu. Uban yana ta fama."

A makon jarrabawa tsiron ya yi toho ɗaya, kore, a dunƙule. Kwana biyu Inna ba ta yi wa kowa wasa ba. Ranar Alhamis aka aiko kiranta.

Ta tarar da Malama da Baba a ofis. A kan taga furen ya buɗe, fari kamar alli. Hedimasta yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Inna ta ajiye tsintsiya, ta sunkuya ta kalli furen da kyau, ta ɗago.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ma bilic kake zuba masa?"

Baba ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa. Malama ta shiga duba farcenta.

Hedimasta ya ja durowa, ya ciro takardar sallamar, ya ninke ta huɗu, ya ɗaga tukunyar ya sa a ƙarƙashi.

"Tana yi mini yoyo a kan taga," ya ce. "Inna, ki share nan. Wata uku ba a share ba."