Bawa Teku da ɗiyar ƙanensa

Tun da Malam Bawa ya yi hidimar ƙasa a Legas ake kiransa Bawa Teku. A majalisar bakin kasuwar Bodinga, duk gardamar da ta shafi ruwa gare shi take ƙarewa, ko da ta rijiya ce. Kimiyyar halittu yake koyarwa a sakandare, amma wannan suna shi ne sarautarsa.

Sai ga labari daga Shagari: an zaɓi Bahijja, ɗiyar ƙanensa Maniru, ɗalibar jami'a, ta yi binciken dogon hutu kan ƙwayoyin halittar da ke can ƙasan teku. Rannan a majalisa wani ya ce, "Malam, sunan nan naka hwa ya kusa komawa Shagari." Aka yi dariya. Shi ma ya yi, haƙora kawai.

Washegari ya hau babur, wai zuwa barka. A hanya yana ta tsara tambayoyin da za su kayar da yarinyar.

Ya tarar da ita a tsakar gida kusa da buhunan albasa, kwamfuta a cinya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaushe tafiya?"

"Babu tafiya, Bappa. Masu jirgin ruwa ka ɗebo laka, su karanta bayanan gadon halitta na ƙwayoyin da ke ciki, su turo muna. Ni tantancewa nika yi nan."

"Ke nan ko ƙafa ba ki sawa cikin ruwa?"

"Ko ƙafa."

Wani sanyi ya ratsa shi, har ya ji yana son yarinyar kamar da. Ya sa mata albarka mai tsawo, ya karɓi furar da ya ƙi da farko.

Kuskurensa shi ne da ya tsaya shan furar. Ta juyo masa kwamfutar, ga hoton ƙasan teku: duhu baƙi ƙirin, wani bututun dutse yana aman hayaƙi, farin abu kamar auduga ya lulluɓe gefensa.

"Waɗanga ƙwayoyin ba su taɓa ganin rana ba, Bappa. Abin da dutsen ka fitarwa shi suka ci."

Shi kuwa shekara da shekaru yana rubuta wa yara a allo cewa duk mai rai da hasken rana ya dogara. Ita ma a ajinsa ta kwafa. Ba ta tuna masa ba, wannan ladabin ne ya fi ci masa rai.

A majalisa ya ba da rahoto a taƙaice: yarinya tana Shagari cikin albasa, teku tana inda ya bar ta. Suna ya zauna.

Da aka koma makaranta ya rubuta jimlar tasa ta kullum, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ƙara a ƙasa: ban da wasu na ƙasan teku.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, wa ya gano haka?"

Ya kakkaɓe allin hannunsa.

"Mu da muka je teku mun sani."