Yadda Kaskon Turare Ya Shigo Falona

A ƙauyenmu da ke gaɓar yammacin Taiwan, duk shekara ranar bikin Kakan Gari, abin bautar ƙauyen, ake zaɓen wanda zai ɗauki kaskon turarensa ya ajiye a gida har shekara ta zagayo. Ba mutane ke zaɓa ba. Kowane magidanci yakan durƙusa a ɗakin bauta ya jefa 'yan katakon nan biyu masu kama da jinjirin wata. In ɗaya ya faɗi rigingine ɗaya rub da ciki, Kaka ya ce e, sai ka sake jefawa. In ba haka ba, ka tashi ka ba na bayanka wuri. Wanda ya fi jera e shi ne mai kasko.

Ni Hung Chin-tsai, manomin kawa, wato abincin teku mai ɓawo da muke kiwo a jikin igiya a bakin ruwa, tun gashina yana baƙi nake durƙusawa, ban taɓa wuce jifan farko ba. Ubana ya riƙe kaskon nan, kakana ya riƙe. Ni kaɗai a gidanmu Kaka ke kallo ya kau da kai. Maƙwabcina Shih Wan-lai, wanda ya taɓa riƙewa kuma bai bari kowa ya manta ba, duk shekara sai ya tare ni a bakin ƙofa.

"A-Tsai, gwiwar taka ko ɗumi ba ta yi ba. Baɗi ka jefa daga tsaye, ka huta da wahala."

Bara sai Shugaba Yeh, mai jan kwamitin ɗakin bauta, ya dawo daga wani taro a birni da sabuwar magana. Ya ce samari duk sun watse, wasu Taipei, wasu ƙasar waje, dole Kaka ya bi su cikin waya. Muna da shafin intanet tun da daɗewa, hoton rufin ɗakin bauta ne da lambar wayar wani ma'aji da ya riga ya rasu. Shugaba ya ce shafin a mace yake, yana so ya yi motsi.

'Yata Pei-shan aikinta ke nan a birnin Hsinchu, rubuta abin da ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. Ita aka roƙa. Ta zo hutun mako ta zauna a teburin cin abincinmu ta haɗa shi. Ka buɗe shafin, ka faɗi buƙatarka, ka girgiza waya, sai katako biyu su yi tsalle a fuskar wayar su faɗi, har da ƙarar faɗuwarsu. Na gwada. Ya ce a'a.

"Yana aiki daidai," in ji ta.

Ba a yi wata ba Shugaba ya zo gidanmu fuska a murtuke, ya same ta ta sake zuwa hutu.

"'Yata, akwai gyara. An nuna mini cewa duk wanda aka ce wa a'a yana rufe shafin, ba ya dawowa."

"To, Kawu, a ɗakin bauta ma in an ce wa mutum a'a tafiyarsa yake yi."

"A ɗakin bauta yana jin kunyar ido, yana sa wani abu a akwati kafin ya fita. A waya babu mai ganinsa. Ki rage a'a ɗin."

"In rage zuwa nawa?"

"Kamar gishiri a miya. A san dai yana nan."

Na ce masa wannan ai sa wa Kaka magana a baki ne. Ya ce ni da ban gama firamare ba in bar masu ilmi su yi aikinsu, Kaka mai son mutane ne tun asali, katako ne ke masa rowa. Pei-shan ta ɗaga kafaɗa ta gyara layi ɗaya. Daga ranar kowa a ƙauyen ya sami izinin abin da yake so. Masu aure suka yi, masu sayen mota suka saya, wata tsohuwa ta sami izinin daina shan maganin hawan jini sai da likita ya yi mata faɗa. Shugaba yana yawo yana nuna wa mutane yawan masu shiga shafin.

Da biki ya matso, kwamiti ya yanke cewa bana zaɓen kasko ma ta waya za a yi, don na nesa su shiga. Pei-shan ta kira Shugaba a gabana.

"Kawu, sai na mayar da shi yadda yake kafin ranar. In ba haka ba babu wanda zai faɗi."

"Ranar biki, ga baƙi, ga 'yan jarida, ki sa Kaka ya riƙa korar mutane? Bar shi. A'a ɗin zai zo da kansa."

Ta ajiye waya ta dube ni. "Baba, kada ka shiga bana. Wasan yara ne."

"Kasko na gaskiya za a bayar ko na cikin waya?"

"Na gaskiya."

"To, sa sunana."

Ranar biki aka kafa babban majigi a farfajiya, sunan kowa da yawan e ɗinsa a gefe. Aka buga ganga, muka fara. Magidanta cike da fili, kowa ya ɗaga waya yana kaɗawa kamar mai korar ƙuda. Na girgiza, e. Na sake, e. Ban ɓoye ba, ƙwalla ta cika mini ido, don ban taɓa jin wannan amsa sau biyu a jere ba. Sai na duba majigi na ga kowa haka yake.

Rana ta take, ba wanda ya faɗi. Abin ya koma na mai ƙarfin dantse. Malamin makaranta ya fara ajiyewa, sai mai shagon magani. Wani ya ba matarsa ta karɓe shi aka ce haramun ne. Ni kuwa hannun da ya saba jan igiyar kawa daga laka ba waya ce za ta gajiyar da shi ba. In dama ya yi tsami in mayar hagu.

Wan-lai da ya ga na wuce shi sai ya ɓace. Can sai ga shi ya shigo da kekensa mai ƙafa uku na ɗaukar kawa, ya ɗaure wayar a kan injin da roba, ya tayar, ya zauna a inuwa yana shan shayi.

"A-Tsai, in hannun ya tsinke ka faɗa mini, ina da sauran roba."

Na yi ƙara wajen kwamiti. Suka haɗa kai suka duba doka, suka ce girgizawa aka rubuta, ba a ce da me ba. Ban bar girgizawa ba ko lokacin da nake zaginsu. Da la'asar wayar Wan-lai ta yi zafi ta mutu. Ya kunna ta, lissafinsa ya koma sifili. Ya kashe injin ya kwance robarsa.

Saura ni da suna ɗaya a samana, Kang Chih-yuan. Nasa lissafin gudu yake kamar mitar tasi. Na duba fili ban gan shi ba. Ashe yana Osaka ta ƙasar Japan tun shekarun baya, uwarsa ce ta sa sunansa. Na ƙara ƙaimi har na daina jin yatsuna, amma ko kusa. Masu dafa abincin biki suka aiko cewa agwagwa ta huce, in ba a zauna ba za su kwashe. Shugaba ya ɗaga hannu aka tsayar.

Aka kira Chih-yuan, aka kanga wayar a lasifika. Ƙara ce kawai ke fitowa, sai da ya kashe wani abu.

"Chih-yuan, barka. Kaka ya zaɓe ka mai kasko."

"Wane kasko? Inna ce ta ce in buɗe wani shafi in sa a aljihu. Ina wurin aiki, muna fasa kwalta."

Tun safe yana rungume da injin fasa titi. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce ikon Kaka ba ya sanin iyakar ƙasa. Chih-yuan ya ce ya gode, amma a gidan hayarsu ko taba ka kunna ƙararrawa za ta tashi. Uwarsa, Inna Kang, ta ce ita ma asma ba za ta bar ta da hayaƙi ba. Ta juyo ta dube ni, ina riƙe da hannuna kamar wanda ya karye.

"A-Tsai yaron kirki ne, kuma falonsa da faɗi. Ya riƙe wa ɗana."

Pei-shan ta raɗa mini, "Baba, ka ce a'a. Kai ma kana da ikon faɗinta."

Na ce na karɓa.

Da ganguna aka rako kaskon har falona. Jar takardar da aka manna a ƙofata sunan Kang Chih-yuan ke kanta da manyan haruffa, nawa yana ƙasa, ƙarami, a matsayin mai kula. Ni ke kunna turare safe da yamma, ni ke canza ruwan shayi da lemo, ni ke karɓar baƙi. Wan-lai yana kirana ɗan aikin Osaka. Ina ce masa ya leƙa falonsa ya gaya mini abin da ke ciki ban da akwatin talabijin.

Watan jiya Shugaba ya sa Pei-shan ta ƙara wani maɓalli a shafin, aka kafa kyamara a saman ƙofar falon, don mai kasko ya riƙa ganin kaskonsa daga Japan duk lokacin da ya so. Ba shi kaɗai ke gani ba, duk wanda ya danna yana gani. Ni da na saba zama da singileti a gaban fanka, yanzu sai na sa riga na ɓalla maɓallai kafin in shiga falona.